Inda araha ta yi ado

Wata Talata da uwargida ba ta jin daɗi, ni na ɗauki 'yarmu mai wata tara zuwa ƙaramin asibitin unguwa don allurar ƙyanda da ta sanƙarau. Ni kaɗai ne namiji a kan benci, mata sai satar kallona suke yi suna ƙus-ƙus. Da layi ya zo kaina, ma'aikaciyar, wata dattijuwa mai gilashi, ta buɗe akwatin ƙanƙara ta zaro wata 'yar kwalba da ba ta kai tsawon ɗan yatsana ba. Na ce ko za ta bari in duba rubutun jikinta.

"Malam, ko kai ma kana cikin masu tsoron allurar ne?"

"A'a Hajiya, karambani ne kawai irin na ɗan boko."

Ta miƙo min tana dariya. Sai da na matsa bakin taga sannan na iya karanta ƙananan baƙaƙen: Serum Institute of India, Pune. Ta ce, "Ai da yawa cikin kayan akwatin nan can aka yi su. Ba ni abata kafin ta ɗumama."

Mu Hausawa mun san Indiya da fina-finai, da babur ɗin Bajaj, da a-daidaita-sahu, da asibitocin da masu hali ke zuwa dashen ƙoda. Kaɗan ne cikinmu suka san cewa tun ɗanmu yana cikin zanin goyo, abin da aka haɗa a Pune ko Haidarabad ya riga ya shiga jininsa. Wannan masana'anta ita ake kira fasahar halittu, wato sa ƙananan halittu irin su yis da bakteriya su yi maka aikin da inji ba zai iya ba. Kada sunan ya ba ka tsoro. Duk Bafulatanar da ta zuba ɗan tsohon nono cikin sabuwar madara, ta wayi gari da kindirmo, ta taɓa gefen wannan ilimi. Bambancin shi ne su a can tukwanen na ƙarfe ne, kowace tana cin lita dubbai, kuma abin da ke fitowa insulin ne na masu ciwon suga, ko rigakafi.

Na daɗe ina jin manyanmu suna cewa mu ma za mu bi sahun Indiya, mu riƙa yin rigakafinmu. Ina goyon bayan niyyar. Abin da nake shakka shi ne ko sun karanci abin da Indiya ta yi. A ganina, abin da ya ɗaga kamfanonin nan ba gini ba ne, ba kuma wata baiwar ƙirƙira ba. Sun zaɓi su yi abin da wani ya riga ya gano, su yi shi da araha ƙwarai, kuma akwai mai saye da ke tsaye da kuɗinsa kowace shekara. Sauran labarin haƙuri ne.

Bari in fara da sanƙarau, domin shi ne ya fi kusa da mu. Wanda ya yi wayo a 1996 ba ya bukatar a tuna masa. Zafi ya tsananta, ana ta shela a daina cunkuso a ɗaki, a riƙa kwana a tsakar gida. Yaro zai tashi da ciwon kai da safe, kafin magariba wuya ya sanƙare. A layinmu akwai wani yaro da ya tsira, amma tun daga lokacin kunnensa bai sake jin kiran sallah ba. A Najeriya kaɗai sama da mutum 100,000 suka kamu a shekarar, sama da 11,000 suka rasu, kuma Saudiyya ta hana alhazan Najeriya shiga aikin hajjin shekarar. A faɗin yankin, daga Senegal zuwa Habasha, an ƙiyasta mutum 250,000 suka kamu, 25,000 suka mutu. Akwai rigakafi a lokacin, amma tsohon samfuri ne: kariyarsa ba ta wuce 'yan shekaru, ba ya kama ƙananan yara sosai, kuma yawanci sai annoba ta riga ta ɓarke ake rugawa da shi.

A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka kafa wani shiri na samar da sabon rigakafi, da tallafin dala miliyan 70 daga gidauniyar Bill Gates. Kafin su fara, sun zagaya sun tambayi jami'an lafiya na yankin. Amsar da ta fito daga Yamai ita ce ta juya akalar shirin: kada a kawo mana rigakafin da ba za mu iya saye ba, domin wannan ya fi rashinsa muni. Aka tsayar da farashi, kada ya wuce santi 50 na dalar Amurka kowace allura. Manyan kamfanonin Turai da Amurka ba su ga riba a nan ba. Serum Institute ya ce zai yi. Aka karɓo dabarar haɗawa daga wani ɗakin bincike na hukumar abinci da magunguna ta Amurka, wani sinadarin farko ya fito daga Amsterdam, aka haɗa kome a Pune. Rigakafin, mai suna MenAfriVac, ya fara aiki a Burkina Faso a Disamban 2010, Mali da Nijar suka biyo baya, arewacin Najeriya ta fara a 2011. Binciken da aka yi a Chadi ya nuna cutar ta ragu da kashi 94 cikin 100 a inda aka yi allurar. Yau nau'in A na cutar, wanda rigakafin ke karewa kuma shi ne ya ɗebe mana mutane a 1996, ya kusa ɓacewa.

Ka lura, ba Indiya ce ta gano dabarar ba, ba kuma ita ta ba da kuɗin binciken ba. Abin da ta kawo shi ne iya dafa miliyoyin allurai iri ɗaya, kowace kwalba daidai da 'yar'uwarta, a kan farashin da talaka zai iya. Hausawa na cewa araha ba ta ado. A nan kam ta yi, har da kwalliya.

Shi wannan kamfani da dawaki ya fara, kuma wannan ɓangaren labarin ya fi burge ni. Gidan Poonawalla, masu Serum Institute, asalinsu masu kiwon dawakin sukuwa ne. Idan doki ya tsufa, sukan ba da shi ga cibiyar Haffkine ta gwamnati da ke Mumbai, inda ake tace jininsa a fitar da ruwan maganin cututtuka. Cyrus Poonawalla ya ga cewa dawakin nasa ne, ribar ta wasu. A 1966 ya kafa Serum Institute, ya fara da maganin cutar tetanus, wadda ke sandarar da jiki bayan rauni ko yankan cibi da ƙazantaccen ƙarfe. Ba wani abin a zo a gani ba ne a duniyar kimiyya. Sai bayan shekara ashirin da wani abu ya kai ga rigakafin ƙyanda, sai a 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince ya riƙa sayar wa hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya. Shekara ashirin da takwas ke nan. Yau ba kamfanin da ya kai shi yawan allurai a duniya, kuma kamfanin na cewa kusan kashi 65 cikin 100 na yaran duniya suna samun aƙalla rigakafinsa ɗaya.

Sauran ma haka tarihinsu yake, ba wanda ya faɗo daga sama. Kiran Mazumdar-Shaw ta karanci haɗa giya a Ostareliya, ta dawo gida kamfanoni suka ƙi ɗaukar mace a wannan aiki. Sana'ar ba tamu ba ce, amma ilimin tsima abu da yis duk ɗaya ne. A 1978 ta buɗe Biocon a garejin gidan haya a Bangalor da rupi 10,000, tana tatsar wani sinadari daga gwanda. Sai a 2004 kamfanin ya fitar da insulin ɗinsa na masu ciwon suga, a 2017 kuma hukumomin Amurka suka amince da kwafin da ya yi, tare da abokin hulɗarsa Mylan, na wani maganin sankarar mama mai tsadar gaske. Shi kuwa Varaprasad Reddy injiniyan lantarki ne, ba likita ba. Ya kafa Shantha Biotechnics a Haidarabad a 1993, bankunan gida suka juya masa baya, sai daga ƙasar Oman ya samu jari. A 1997 ya fitar da rigakafin ciwon hanta nau'in B a kan kusan dala 1, a lokacin da na shigowa ke kai wa dala 23. Farashin bai sake komawa inda yake ba.

Akwai kuma rigakafin gudawar yara na Bharat Biotech, wanda Krishna Ella da matarsa Suchitra suka kafa a 1996. Ƙwayar cutar da aka gina shi a kanta, wani likita ne ya lura da ita a jikin jarirai a wani asibitin Delhi tun tsakiyar shekarun 1980. Rigakafin bai shiga kasuwa ba sai 2015. Shekara talatin ana abu ɗaya, gwamnatoci suna zuwa suna tafiya. Ina so mai karatu ya tambayi kansa wane aiki ne a ƙasarmu ya taɓa tsallake gwamnati uku ba a sake masa suna ba.

Gwamnatin Indiya ta taka rawa, amma ba irin rawar da muka saba gani ba. A 1970, zamanin Indira Gandhi, aka yi dokar da ta ce ba wanda zai mallaki magani shi kansa, sai dai hanyar haɗa shi. In ka gano wata hanya daban, yi abinka. Wannan ya fi taimakon masu yin ƙwayoyin magani, amma shi ya tarbiyyantar da dubban masana haɗa sinadarai, ya kuma tara jarin da daga baya ya gangaro cikin fasahar halittu. A 1986 aka kafa sashe na musamman na gwamnatin tarayya don wannan fanni, yana ba da kuɗin bincike yana horar da ɗalibai. A 2005 Indiya ta sauya dokar mallakar don ta dace da ƙa'idojin cinikayya na duniya, saboda haka waccan ƙofar da suka bi ta tsuke. Wani abin da ba a cika faɗa ba: masana'antun rigakafi mallakar gwamnati a Indiya ma sun sha kashi. A 2008 aka dakatar da lasisin uku daga cikinsu, a Kasauli da Coonoor da Chennai, saboda sun gaza cika ƙa'idojin inganci. Gwamnati ta fi iya shimfiɗa tabarma fiye da zama a kanta.

To amma duk wannan da bai isa ba, ba don mai saye ba. Indiya na haihuwar jarirai sama da miliyan 20 a shekara, kuma tun 1985 take da shirin rigakafi na ƙasa baki ɗaya. Kasuwa ce a ƙofar gida. Daga waje kuma ga UNICEF, wadda ofishinta na Kopenhagen ke saya wa ƙasashe da dama a dunƙule, ga kuma Gavi, ƙawancen duniya na tallafa wa rigakafi, da aka kafa a 2000 tana biyan kuɗin. Ɗan kasuwa da ya san za a ɗauki allura miliyan ɗari a hannunsa baɗi da baɗin baɗaɗa, zai iya cin bashi ya sayi manyan tukwane, ya rage riba a kan kowace kwalba. Haka aka yi da allurar nan mai kare cututtuka biyar da ake yi wa jarirai a cinya, wadda ma'aikatan lafiya ke kira fenta. Da kamfanonin Indiya suka shigo, farashinta ya sauko daga sama da dala 3 zuwa ƙasa da dala 1.

Ba na cikin masu yi wa kamfanonin nan kirari kamar waliyyai. 'Yan kasuwa ne, kuma gidan Poonawalla na cikin manyan attajiran Indiya. Arahar ma tana da nata tabon. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye amincewarta da fenta ɗin Shantha saboda wani farin gari da aka gani yana kwanciya a gindin kwalabe. A 2022 ta dakatar da sayen rigakafin korona na Bharat Biotech ta hannun hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya bayan masu duba sun ga gyare-gyaren da ya kamata a yi a masana'antar. A shekarar ce kuma yara kusan 70 suka mutu a Gambiya, hukumar ta yi gargaɗi a kan wasu magungunan tari guda huɗu na wani ƙaramin kamfanin Indiya, kodayake gwamnatin Indiya ta musanta alaƙar. Maganin tari ba fasahar halittu ba ne, amma ƙasa ɗaya ce, masu sa ido ɗaya ne. Abin da nake ɗauka daga nan shi ne, rigakafin da ke akwatin Hajiya yana da inganci ne domin akwai baƙon ido da ke zuwa ya leƙa tukunya, yana kuma da ikon cewa a zubar. Inda babu wannan idon, araha takan koma karin maganarmu.

Sai 2021, shekarar da ta kamata ta farkar da kowa. Rigakafin korona na farko da ya sauka a Accra a watan Fabrairu, da kusan miliyan 4 da suka sauka a Abuja ranar 2 ga Maris, duk daga Pune suke. Muka yi ta godiya. Kafin wata biyu, annobar ta turnuƙe Indiya, ana ƙona gawarwaki a filayen ajiye motoci, gwamnati ta tsayar da fitar da rigakafi. Jiragen ba su dawo ba sai wajen ƙarshen shekara. Na ji mutane da yawa suna zagin Indiya a lokacin. Ni ban ga laifinsu ba, gida bai ƙoshi ba ba a kai wa dawa, kuma da mu ne da haka za mu yi. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne ganin Adar Poonawalla, ɗan Cyrus, mai kamfanin da ya fi kowanne girma, yana roƙon shugaban Amurka a Twitter a watan Afrilu ya saki kayan aikin da aka hana fitarwa. Ashe shi ma mai ba mu aron, da kayan aro yake aiki.

Daga nan ne Tarayyar Afirka ta ɗauki alkawarin cewa kafin 2040 nahiyar za ta riƙa yin kashi 60 cikin 100 na rigakafin da take amfani da shi, daga kusan kashi 1. Buri ne mai kyau. Amma a duba abin da ya faru da Aspen na Afirka ta Kudu. Kamfani ne babba, da masana'anta ta zamani, ya samu izinin cika rigakafin korona na Johnson & Johnson ya sayar da sunansa. A 2022 ya fito ya ce ko oda ɗaya bai samu ba. Shugabannin da suka yi ta tafa masa ba su saya ba, masu ba da tallafi kuma sun riga sun ƙulla ciniki da wasu. Ga gini, ga injina, ga ma'aikata, babu mai saye.

Mu a Najeriya ma ba baƙi ba ne a wannan sana'a. Ɗakin haɗa rigakafi na Yaba a Legas ya yi shekaru hamsin yana yin na agana da na shawara da na cizon mahaukacin kare, har ana kai wa maƙwabta. A 1991 aka rufe shi wai za a gyara. A 2005 gwamnati ta shiga haɗin gwiwa da kamfanin magunguna na May & Baker aka kafa Biovaccines, a 2017 aka sake sabunta yarjejeniyar. Jaririn da aka haifa ranar da aka rufe Yaba yanzu shi ke kai nasa 'ya'yan allura. A halin da ake ciki, sabon rigakafin sanƙarau mai kare nau'i biyar, wanda Najeriya ta riga kowace ƙasa fara amfani da shi a 2024 bayan nau'in C ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato a 2017, daga Pune yake. Na zazzaɓin cizon sauro da aka fara a Kebbi da Bayelsa a ƙarshen 2024, Jami'ar Oxford ta ƙirƙira, Pune ta dafa.

Abin da nake so in gani ba bikin aza harsashi ba ne. Takarda nake so in gani, mai sa hannun ministan kuɗi, ba na lafiya kaɗai ba, da ke cewa gwamnati za ta sayi allura kaza daga masana'antar gida kowace shekara har shekara goma, in dai ta ci jarrabawar inganci, kuma za a biya a kan lokaci. Muna haihuwar jarirai sama da miliyan 7 a shekara, in aka haɗa da Nijar da Chadi da Kamaru kasuwar ta isa. Sai dai a faɗi gaskiya tun yanzu: kwalbar farko da za ta fito daga Ota ta jihar Ogun ko Kaduna za ta fi ta Pune tsada, wataƙila har shekaru. Wani zai ce kuɗin da za a yi wa yara uku allura me ya sa za a kashe a kan biyu, kuma tambayarsa tana da nauyi, ban raina ta ba. Ni dai na zaɓi a biya wannan bambancin a kan rigakafi ɗaya ko biyu masu sauƙin yi, a bar sauran ga Indiya, maimakon a ce za a yi kome a ƙare ba a yi kome ba.

In kuwa ana neman inda za a fara, ba sai an je da nisa ba. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tun 1924 take yin rigakafin shanu, kuma tana nan ba ta rufe ba. A Kaltungo ta jihar Gombe akwai asibitin masu saran maciji, inda manoma da makiyaya ke cika gadaje duk damina da kaka, yawanci saran kububuwa. Maganin dafin da ya fi yi musu aiki, EchiTAb, da macizanmu ake yin sa. An daɗe ana kama su a nan a kai Liverpool a tatsi dafin, a yi wa tumaki allurarsa a Wales ko dawaki a Kosta Rika, a tace jininsu, sannan a sayar mana da kwalbar da kuɗin waje. Idan ta yanke, mutane su koma wajen masu tsatsuba. Aikin nan na tace jinin doki, shi ne dai wanda Cyrus Poonawalla ya fara da shi a 1966, kuma a ranar hawan Daushe kaɗai dawakin da ke fitowa a Kano ba su ƙirguwa.